Yadda za ka zaɓi keken zirga-zirga a Kumasi, wanda babba zai hau kullum ba ciwon baya

Kuɗin trotro (motar haya) da pragya (babur mai ƙafa uku na haya) in ka tara na wata guda sai abin ya ba ka tsoro, ga kuma cunkoson Kejetia da Anloga Junction da safe, wanda wani lokaci mai tafiya a ƙasa ma sai ya riga ka isa. Shi ya sa manya da yawa a Zango suka fara sake tunanin keke, don zuwa shago, kai yaro makaranta, cefane, masallaci da asuba. To amma yawancin mutane in sun tashi saye wanda ido ya fi kamawa suke ɗauka, irin mai tayoyin nan masu ƙuraje da sifirin gaba da baya da giya 21, a biya kuɗi a hau, bayan sati biyu wuya na ciwo, tafin hannu ya mutu, ƙugu ya riƙe, sai a jingine shi bayan ɗaki a ce ai dama keke na yara ne. Alhali wancan an ƙera shi ne don gudu a daji da hawan duwatsu, mutum a duƙe.

Wanda nake magana a kai shi ne keken da ake zama a miƙe, kamar kana zaune a bencin mai koko, bayanka a tsaye, kan keken ya lanƙwaso ya zo wajenka ba kai ne kake miƙa hannu kana nemansa ba, idonka na kallon titi kana ganin pragyan da zai shigo maka ba sigina. Daɗin irin wannan keke daga abu uku yake zuwa, ya yi daidai da jikinka, ya yi daidai da hanyarka, sannan mai gyaran unguwarku yana da kayansa. Fenti da suna duk suna bayan waɗannan.

Fara da hanyarka, kafin ka je wajen mai keke

Ka zauna ka lissafa inda za ka riƙa zuwa kullum. Daga ina zuwa ina, kilomita nawa, kwalta ce ko jar ƙasa, kuma mafi muhimmanci hawa nawa ne a hanyar. Kumasi ba Tamale ba ce fa. A Tamale ƙasa a shimfiɗe take, shi ya sa za ka ga tsoho da keke mara giya yana tafiyarsa cikin natsuwa, amma nan garin tudu da gangare ne, duk wanda ya taɓa hawa Roman Hill da kaya ko ya taso daga kwarin Aboabo ya san abin da nake faɗi. In hanyarka gajera ce, kilomita 2 ko 3 cikin unguwa ba wani tudu, kowane keke mai lafiya zai yi maka. In kuwa daga Asokore Mampong kake shigowa Adum ko daga Tafo kake gangarowa kasuwa, to giya dole ce, kada wani ya ce maka ƙarfin ƙafa ya isa.

Sai kaya. Jaka kawai za ka ɗauka ko buhun shinkafa ko yaro? Sai kuma wurin ajiya, wanda mutane ke mantawa. Irin waɗannan kekuna suna da nauyi, da yawansu kilo 18 zuwa 22 ne, in a bene kake zaune kuma kullum sai ka ɗaga shi ka hau matakala, wallahi cikin wata guda za ka tsane shi. Mai ɗaki a ƙasa ko mai shago ba ruwansa da wannan.

Ire-iren da za ka tarar

Kusan duk keke mai kyau da kake gani a bakin titi hom-yus ne, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje, kwantena ce ta kawo su ta tashar jirgin ruwa ta Tema, kuma kashi huɗu za ka fi gani.

Akwai baƙin keken nan na iyayenmu, Phoenix ɗan China da 'yan'uwansa na Indiya irin su Hero da Avon, waɗanda aka kwaikwayo daga tsohon Raleigh na Ingila. Ƙarfe ne zalla, birkin sanda, ba giya, kariya (wurin ɗaure kaya a baya) mai ƙarfi, kowane mai gyara ya san shi ciki da waje. Zamansa a miƙe ne sosai. Matsalarsa biyu, hawa da kuma birki in an yi ruwa, zan zo kan wannan.

Akwai 'yan Japan, masu kwando a gaba da firam mai gangarowa ƙasa, irin su Bridgestone da Panasonic da Miyata. Suna zuwa da kayansu cif, madigadi, murfin cen, fitila, jak, makulli. Ga mace ko namiji matsakaicin tsayi ba su da na biyu. Amma an yi su ne daidai jikin mutanen can, dogon mutum in ya hau sai gwiwa ta riƙa neman kan keken.

Akwai 'yan Holan, Gazelle, Batavus, Sparta. Waɗannan su ne na dogayen mutane, kuma ni a ganina babu keken da ya kai su daɗin zama, sai dai nauyi, ga kuma kayan gyaransu ba ko'ina ake samu ba.

Na huɗu shi ne wanda ke tsakanin keken tsere da na daji, irin su Giant da Trek, firam ɗin alminiyam, giya 7 ko 21, nauyi kamar kilo 13 zuwa 15. Yawanci kansa a miƙe yake kamar sanda kuma yana zuwa tsirara ba madigadi ba kariya, amma in aka canza masa kai mai lanƙwasa aka ɗaga shi aka sa masa kariya, to ga mai hanyar tudu a Kumasi shi ne zan fara nunawa. Tsohon keken daji na ƙarfe wanda ba shi da sifirin ko ɗaya shi ma haka, a cire masa tayar ƙuraje a sa mai santsi, ya zama keken gari na gaske, kuma kayansa sun fi na kowa sauƙin samu.

Af, ana ma ƙera keke a yankin nan namu da gora, Ghana Bamboo Bikes Initiative ta Bernice Dapaah a Kumasi da kuma Booomers na Kwabena Danso a Yonso. Abin alfahari ne, amma ba shi ne za ka tarar a jere a bakin titi ba.

Maganar firam mai gangarowa, wanda ake ce wa keken mata, bari in faɗi ra'ayina. Namijin da ke sa jalabiya ko babbar riga ranar Juma'a, ko dattijon da gwiwa ta fara ba shi matsala, ko mai ɗaure kaya a baya wanda ba zai iya wurga ƙafa ta saman kayan ba, duk wannan firam ɗin ya fi musu. A Holan da Japan maza manya suna hawansa ba wanda ya kalle su. Ga 'yan'uwa mata masu zani ko abaya kuwa, ki duba wanda yake da murfin cen da ragar nan da ke rufe saman tayar baya, don bakin zani in ya shiga sifok faɗuwa ce mummuna.

Girman keken, nan ne ake yin zaɓen tumun dare

Tun a gida ka auna ƙafarka. Cire takalmi, jingina da bango, ka sa littafi mai kauri tsakanin cinyoyinka ka tura shi sama har ya tokare, wani ya auna daga saman littafin zuwa ƙasa da tef ɗin tela. Abin da aka samu ka ninka shi da 0.88, wannan shi ne kusan tsawon da ya kamata ya kasance daga tsakiyar notin da ke riƙe hannun feda zuwa saman sirdi. Misali in ƙafarka santimita 80 ce, to kana neman wajen 70. Ka tafi da tef ɗin a aljihu.

In ba ka son lissafi, ga hanya mai sauƙi. Hau, wani ya riƙe maka keken, ka ɗora diddigenka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ƙugu ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, yadda ake tuƙi, sai gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, shi ke nan. Yawancin mutane sirdinsu ya yi ƙasa da yawa saboda suna son su dafa ƙasa da ƙafa biyu suna zaune, kuma wannan shi ke kawo ciwon gwiwa da saurin gajiya a hawa. Yatsun ƙafa su taɓa ƙasa ya wadatar.

Yanzu ga abin lura. Jikin ƙarfen da ke riƙe sirdi akwai wani layi da aka zana, wanda ke nuna iyakar inda za a iya jawo shi sama. In sai ka wuce layin nan kafin tsawon ya ishe ka, keken ya yi maka kaɗan, ka bar shi ko da kyauta ake ba ka rabin kuɗin. Ƙarfen kan keken ma yana da irin wannan layin. A 'yan Holan ana rubuta girman firam da santimita, mai tsayi mita 1.65 zuwa 1.75 ya duba wajen 53, mai 1.75 zuwa 1.85 wajen 57, wanda ya wuce haka 61, amma wannan kimantawa ce kawai, hawa shi ne alƙali. In firam ɗin mai sanda a sama ne, ka tsaya a ƙasa keken na tsakanin ƙafafunka, ya zama akwai sarari ko na yatsu biyu ne.

Kan keken ya fi sirdi tsayi, aƙalla da faɗin tafin hannu. In ka riƙe, gwiwar hannunka ta ɗan saki, wuyan hannu a miƙe ba a karye ba, kafaɗa a sake. In ka ji nauyinka na kan hannu, to bai yi ba.

Sirdi kuma, kada laushi ya ruɗe ka. Wanda ke zaune a miƙe yana buƙatar sirdi mai faɗi a baya, mai sifirin biyu a ƙasa, amma mai ɗan tauri. Wanda ka danna da yatsa ya lotsa gaba ɗaya, minti goma na farko daɗi, bayan rabin awa ƙasusuwan zama sun nutse naman tsakiya ya matse, sai ka ji wurin ya mutu. Kuma sirdi abu ne da ake canzawa, kada ka ƙi keke mai kyau saboda shi, kada kuma ka sayi rubabbe saboda shi.

Giya da birki

Giya iri biyu ce. Akwai ta waje, wadda kake ganin faifai masu haƙora a jere a tayar baya da ɗan hannun da ke tura cen daga wannan zuwa wancan. Akwai kuma ta ciki, wadda komai yana rufe cikin tulun tsakiyar tayar baya, irin Shimano Nexus mai 3 ko 7 ko 8, da Sturmey-Archer mai 3 na tsofaffin kekunan Ingila.

Ta ciki tana da daɗi ƙwarai. Ƙurar hunturu da taɓon damina ba sa shigarta, kuma kana iya canza giya kana tsaye cak, wanda a cunkoson garin nan ba ƙaramin abu ba ne, ka tsaya a babbar giya ka mayar da ita ƙarama kafin ka tashi. Sau da yawa in ta fara tsalle ba lalacewa ta yi ba, saiti ne, a Nexus 7 da 8 ana sa ta a lamba 4 a juya ɗan notin waya har alamomin nan biyu masu launi da ke gefen tulun su yi daidai da juna, a mai 3 kuma a lamba 2 ake saitawa. Amma in cikinta ya mutu da gaske, samun wanda zai buɗe ta da kayan da zai sa aiki ne, yawanci sai dai a nemo wata tayar baya gaba ɗaya. Don haka kafin ka saya ka tambayi mai gyaranku kai tsaye ko yana taɓa irinta. In ya yi shiru yana sosa kai, ka ɗauki ta waje, Shimano mai 6 ko 7, wadda kayanta ke ko'ina.

Ga mai tudu, ka ƙirga haƙoran faifan da ya fi girma a baya. 28 ya yi, 34 ya fi. In kuma mai giya 3 ta ciki ka ƙwallafa rai a kai, akwai dabara, a cire ɗan faifan baya mai haƙora 16 ko 18 a sa mai 21 ko 22, a ƙara wa cen tsawo, duk giyoyin sai su yi sauƙi. Za ka rasa ɗan gudu a gangare, wanda dama ba ka buƙata.

Birki kuwa, a garin da ake ruwa daga wajen Maris zuwa Yuli sannan a dawo Satumba zuwa Nuwamba, tambayar ita ce yaya yake kamawa in ya jiƙe. Rim ɗin ƙarfe mai ƙyalli da robar birki, in ruwa ya taɓa su sai ka matse har ƙarshe keken na ci gaba da tafiya, wannan ita ce babbar illar baƙin keke mai birkin sanda. Rim ɗin alminiyam ya fi kamawa nesa ba kusa ba. Ka tafi da ɗan maganaɗisu, in ya manne a rim ƙarfe ne. Birkin da ke cikin tulun taya, ko na mayar da feda baya wanda ke kan 'yan Holan da yawa, ruwa bai dame su ba, sai dai na fedar yana son sabo, kuma kada ka yarda da keken da shi kaɗai gare shi ba birkin gaba, don in cen ya zame a gangare ba ka da komai. Birkin bayan 'yan Japan masu araha yana da wani ƙugi mai tsinka kunne in ya tsufa, kada a zuba masa mai don a kashe ƙarar, birkin ne gaba ɗaya za a kashe.

Wani abu da ba a faɗa wa mutane. Kekunan Japan da Ingila, inda ake tuƙi ta hagu, hannun dama shi ne birkin gaba. Na Amurka da yawancin Turai hannun hagu ne na gaba. Mu nan Ghana tun 1974 muka koma tuƙi ta dama amma kekunanmu daga ko'ina suke, saboda haka matsa kowanne ka ga wace taya ya kama tun kafin ka hau titi.

Lambar taya

Wannan ƙaramin abu ne da ke sa keke ya kwana wata uku a jingine. Ba duk tayar da aka rubuta wa 26 ce iri ɗaya ba. Ka duba gefen tayar za ka ga wasu lambobi kamar 47-559 ko 37-590 ko 37-622. Ta farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu kuma girman rim. 559 ita ce 26 ta keken daji, wadda ta fi kowacce yawa a kasuwa. 590 ita ce 26 ta 'yan Japan, kuma ba ta shiga rim ɗin 559 ko za a kwana ana dannawa. 630 ita ce 27. 622 ita ce ta yawancin 'yan Turai, wadda ake ce wa 700 ko 28, sannan 635 ita ce 28 ta baƙin keke da wasu tsofaffin 'yan Holan. Ka ɗauki hoton lambar, ka je wajen mai sayar da kayan keke ka ce yana da taya da tub na wannan? Kafin ka biya kuɗin keke fa, ba bayan ka biya ba.

Faɗin taya milimita 37 zuwa 50 shi ne daidai da titunanmu. Taya mai faɗi da iska daidai ta fi sifirin ɗin gaba mai araha shanye ramuka, shi wancan nauyi kawai yake ƙarawa kuma yawancin na hom-yus sun riga sun ƙage. Ka kalli bawul ma. Mai kauri irin na mota kowane mai faci zai ba ka iska, 'yan Japan da Holan kuma nasu daban ne, mai ɗan noti a wuya, yana son famfon hannu mai bakin da ya dace da shi. In ramin rim ya ba da dama ana iya canza tub ɗin zuwa mai bawul ɗin mota a huta.

A gaban mai keke

Ka je da rana tsaka, ba da magariba ba, kuma in da hali ka ɗauki mai gyaran unguwarku ka biya shi kuɗin wuninsa. Kun gaisa, "Masta, sannu da kasuwa, a fito min da wancan in gani," to kada ka fara da tambayar kuɗi. Ka durƙusa.

Fara da wuyan keken, inda sandunan firam suka haɗu da bututun da kan keke ke juyawa a ciki. Shafa yatsa a ƙarƙashin sandar ƙasa daf da haɗin. In ka ji ɗan kumburi ko ka ga fenti ya tsattsage a zagaye, keken ya taɓa yin karo da gaba, firam ya lanƙwashe. Koma gefe ka kalli fok ɗin gaba, ya bi layin wuyan ya ɗan yi gaba, in ya koma baya kamar yana neman taɓa firam, ka wuce. Duba duk inda aka yi walda. Tsaga a firam ɗin ƙarfe mai walda a Suame Magazine zai iya ɗinke ta, tsaga a alminiyam kuwa ka ɗauka keken ya gama aiki. Sabon fenti a wuri guda kawai, ka tambayi me ake ɓoyewa. Tsatsar sama-sama ba komai, amma wadda ta kumbura fenti a ƙasan firam kusa da feda, daga ciki take cinyewa.

Sai ka ce a kwance notin sirdi a ɗaga shi a sauke a gabanka. Kekunan da suka sha ruwa da gishirin titi a Turai, ƙarfen sirdin yakan manne da firam har abada, in bai motsa ba ba za ka taɓa saita shi daidai jikinka ba. Kan keken ma haka.

Ɗaga gaba ka juya taya, ka sa ido a tsakanin rim da robar birki. Ɗan rawa kaɗan ana gyarawa da sifok, amma in tana tsalle sama da ƙasa ko akwai lotsawa, sai sabon rim. Kama tayar ka girgiza ta gefe da gefe, in tana ƙwas-ƙwas boris ya saki. Matsa sifok bibbiyu da hannu duk zagayen, musamman na baya, ka ji ko akwai karyayye ko sakakke. Kama hannun feda ka ja shi waje ka tura ciki, bai kamata ya motsa ba. Matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in wuya na ƙara to a nan ma akwai aiki. Haƙoran faifai in sun yi tsini sun karkata gefe guda, su da cen duk sun tafi. Gefen taya in ya yi tsaga-tsaga, ka sa kuɗin sabuwa a lissafi ko da ƙurajenta ba su cinye ba, tsufa ne.

Kariya yawanci an buga mata nauyin da za ta iya ɗauka a jikinta, 18 ko 25 ko 27 na kilo. Ba a yi ta don ɗaukar babban mutum ba. In yaro za ka riƙa ɗauka, dole a sami wurin ɗora ƙafa da abin da zai tare ƙafarsa daga sifok, wannan raunin yana da muni kuma cikin ƙiftawar ido yake faruwa. Makullin nan mai zagaye da ke manne a firam ta baya, ka tabbata an ba ka ɗan makullinsa.

Daga nan sai hawa, kuma ba zagaye ɗaya a gaban shago ba. Bar wayarka ko abokinka a wurin, ka nemi tudu mafi kusa ka hau, ka bi giya ɗaya bayan ɗaya kana taka feda da ƙarfi ka ji ko tana zamewa, ka gangaro ka gwada birki. A wuri mai shimfiɗa ka sassauta riƙon kan, in keken na ja gefe guda akwai abin da ya karkace. Mai keken da ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa.

Ciniki

Farashi yana bin dala da kuɗin fito, don haka ka zaga wuri uku ka ji bakin kowa kafin ka taya. Duk abin da ka gano a dubawa shi ne makaminka, "Masta, taya biyu sai na canza, ga waya, ga robar birki, ka duba min." In ya ce albarka ka ƙara kaɗan, in ya ƙi ka yi sallama cikin mutunci, sau da yawa kafin ka kai bakin titi za a kira ka. Wani lokaci ya fi sauƙi ya sa maka sabon tub ko ya canza sirdi da wani daga cikin tarin kayansa a kan ya rage kuɗi, ka nemi hakan. Kuma kada ka kashe duk abin da ka tanada a kan keken kansa, ka bar kamar kashi ɗaya cikin biyar na gyara da kwaɗo da fitila.

In a Jiji ko Tonaton ko Facebook ka gani, kada ka tura momo, wato kuɗi ta waya, kafin ka ga keke da idonka, cinikin biri a sama ke nan. Ku haɗu a wurin jama'a. Keke mai tsada da ake bayarwa a kuɗin banza ba takarda ba bayani, ka yi tunanin ranar da mai shi zai tare ka a titi. Juya keken ka duba ƙarƙashin inda feda ke juyawa, yawanci a nan lambar firam take, wasu kuma a wuya ko sandar sirdi. Ɗauki hotonta, kuma a rubuta ta a rasit.

Satin farko

Daga shago wuce wajen mai gyara kai tsaye. A buɗe boris na taya biyu da na feda da na wuya a wanke a sa sabon giris, don wanda ke ciki ya bushe tun a can. A canza wayoyin birki da roba in sun taurare. A shafa giris a ƙarfen sirdi kafin a mayar. Cen kuma mai mara kauri ake ɗiga masa a goge ragowar da tsumma, baƙin man inji da ake lafta masa ƙura kawai yake tarawa, lokacin hunturu sai ya zama kamar yashi yana cin haƙora. In za ka canza feda da kanka, ta hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ne ta inda ake ɗaure sauran notuna.

Fitila fara a gaba ja a baya dole ne ga mai fita asuba ko dawowa bayan isha'i, ko ta dainamo ko mai caji. Ƙararrawa, hular kwano, da kwaɗo mai kauri wanda zai zagaye firam da wani ƙarfe da ke kafe a ƙasa, ba taya kaɗai ba. Iskar taya an rubuta iyakarta a gefe, ka riƙa dubawa duk sati, taya mai laushi ita ke kawo yawan faci in ka faɗa rami.

Ka fara da gajerun tafiye-tafiye. Ciwon mazauni na kwanakin farko yana wucewa da kansa cikin sati ɗaya ko biyu. Wanda ba ya wucewa saiti ne: ciwo a gaban gwiwa, ɗaga sirdi; ciwo a bayan gwiwa ko ƙugu na rawa in kana taka feda, sauke shi; kana zamewa gaba ko hannu na mutuwa, hancin sirdin ya sunkuya, a daidaita shi ya kwanta sosai, in bai isa ba a ɗaga kan keken. Rabin santimita-rabin santimita ake yi, abu ɗaya a lokaci guda, ka hau kwana biyu kafin ka sake taɓawa. Bayan wata guda ka mayar da shi wajen mai gyara ya bi sifok da notunan kariya da madigadi ya ƙara ɗaurewa, sabbin wayoyin birki ma sun miƙe a lokacin, sai an ja su.